Nakiyarsu da Taɓarenmu

Har yau idan aka miƙo mini nakiya a gidan biki sai na yi dariya kafin in kai ta baki. Jikokina sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ko da yake shi ma yana nan yana aikinsa. Wata nakiya nake tunawa, wadda ba a ci, wadda ta kusa cinye mana rijiya.

Ƙauyenmu yana arewa da Malbaza, a kan hanyar da amalanke ke bi zuwa Illela. Ƙarƙashin ƙasarmu farin dutse ne irin wanda ake kwasa a yi siminti, saboda haka duk rijiyar da aka haƙa ruwanta zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa, wake ba ya nuna, jaki ma sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya sha. Rijiya ɗaya ce tak mai ruwan daɗi, kuma mahaifina ne ya haƙa ta tun ba a haife ni ba. Zurfinta gaba goma sha takwas in an auna da hannun babban mutum. Bakinta kawai ya ɗaure da duwatsu da itacen ƙirya, daga nan har ƙasa yumɓu ne tsirara, ba siminti ba ƙarfe, yana tsaye da ikon Allah da iyawar mai haƙa. Ko sukuwar doki ba ya yarda a yi kusa da ita.

Mahaifina ya rasu a shekarar babbar yunwa. Rijiyar ba tawa ba ce, ta gari ce, har Fulani masu wucewa suna da rabonsu a ciki. Amma duk lokacin da na ɗora igiya a kan itacen nan, na ga kwarmin da igiyoyi suka ci a jikinsa, sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana cewa in ja a hankali kada wasaki, gugan fata, ya daki bango. Ina son rijiyar nan yadda ake son mutum, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Shekara biyu bayan yunwar, da bazara ta kama, wata ƙaramar mota ta tsaya ƙofar gidan maigari. Mutum biyu suka fito, wani dogon injiniya daga Yamai wanda ba ya jin Hausa, da tafintansa mai Hausar rediyo. Tafinta ya ce kamfaninsu zai ɗauki hoton ƙarƙashin ƙasa, ko Allah zai sa a dace da man fetur. Za su ja layi miƙaƙƙe ya ratsa gonaki, su huda ƙananan ramuka a kansa, su binne nakiya a kowane rami. Rami ɗaya zai faɗo taki ashirin daga rijiya.

To, abin da ake fasa dutse da shi a kwarin siminti mun san shi, in iska ta juyo muna jin ƙararsa daga Malbaza. Amma dinamit muke ce masa, tsofaffi su ce albarushi. Nakiya kuwa a wurinmu abu ɗaya ce, garin shinkafa da zuma da kayan yaji a kirɓa a turmi a kai gidan amarya. Maigari, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Da ya ji baƙi za su ba ƙasa sadakar zaƙi kafin su tambaye ta abin da ta ɓoye, sai ya ce waɗannan sun san ladabi. Har roƙo ya yi a ƙara wa ramin rijiya kaso, tunda ita ce uwar gari. Tafinta ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne. Aka shafa wa maigari tawada a babban yatsa ya dangwala a takarda.

Mako guda ba mu da hira sai ta nakiya. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda haƙoranta uku suka rage, ta ce, "Ni dai in sunka binne ku gwada mani ramin. Rashin haƙori bai hana tsotso."

Maigidana ya taɓa lebura a kwarin siminti, saboda haka yana cikin waɗanda kamfanin ya ɗauka tun layin yana can kudu wajen Konni. Ranar Juma'a ya zo gida. Aikinsa shuka kunnuwa, haka leburori suka raɗa wa abin. Wani ɗan ƙarfe ne kamar albasa mai tsinin gindi, ana taka shi cikin ƙasa, ɗaruruwa a jere, waya ta haɗa su har cikin wata babbar mota mai ɗaki. Yana cin tuwo yana yi mini bayani, yana jin kansa kamar shi ya ƙera motar.

Ya ce, "Kin san in kin leƙa rijiya kin yi kira, muryarki ta ka komo miki? To hakanga na. Su ka bugun ƙasa, ƙara ta tahi ƙasa, in ta ishe dutse ko yumɓu sai ta komo bisa. Kunnuwa su jiya, waya ta kai ma mota, allura ta zana bisa takarda. Wadda tad daɗe ba ta komo ba, daga nesa tah hito. Da haka su ka sanin abin da ag ga ƙasa, hawa-hawa."

Na ce masa wannan ai ba sabon ilimi ba ne. Mahaifina da ƙotar dagi yake buga gindin rami ya kasa kunne, ya ce saura gaba biyu a kai ruwa, kuma a kai. Sai na tambaye shi da me su suke bugun ƙasar, kuma a ina nakiya ta shigo cikin aikin. Ya tsaya da loma a hannu.

"Wace nakiya?"

Na ba shi labarin maigari da yatsa. Ya mayar da lomar cikin akushi.

"Dinamit na hwa. Shi Hausar rediyo ka ce ma nakiya."

Ya ce a wani ƙauye kudu da mu ya ga rumbu ya tsage daga gindi har wuya, kuma wata rijiya da layi ya bi ta gefenta ta rufta daga ciki, har yanzu ba a kai ga ruwanta ba. Wancan ma taki talatin ne. Wani irin fushi ya taso mini wanda ban san ina da shi ba.

Da safe na tafi wurin maigari. Da ya gane abin da ya dangwala wa yatsa sai da hawaye ya cika masa ido. Ya ce, "Ɗiyata, bakin alƙalami ya bushe. Aikin gwamnati na, zamanin soja mu ke. Wa ni ka kai ma ƙara?" Ban ga laifinsa ba, amma ban karɓi maganarsa ba.

Shekara shida na yi a lakwal, makarantar boko, kafin a cire ni, kuma Faransancin da na kwaso bai tsere mini duka ba. Na yafa gyale na taka har inda suka kafa tantunansu. Na sami injiniyan a sunkuye kan taswira. Na ce masa Mushe, yadda ake kiran mai ilimin boko a wajenmu, kuma a ranar na ji daɗi da kalmar take da wata ma'ana a Hausa. Ba mugu ba ne, gajiyayyen mutum ne da rana ta gasa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ɗora yatsa kan taswira ya ce ba shi ya ja layin ba, a buro, can babban ofishinsu, aka ja shi, kowane rami da lambarsa. In ramin ya kauce, lissafin nisa ya kauce, hoton ya karkace. Ya ce nakiyar ƴar kaɗan ce, yawanci rijiyoyi ba sa jin komai.

Na ce, "Yawanci. To mu ɗaya gare mu."

Ya ce yana da takarda da yatsan maigari. Na ce burtalin shanu ma yana karkacewa saboda rijiya, kuma shanu ba su yi lakwal ba. Ya yi murmushi ya koma kan taswirarsa. Na dawo gida ina cizon yatsa, ƙafafuna sun yi futu-futu da ƙura.

Bayan kwana huɗu layin ya iso mu. Suka huda ramin, taki ashirin cif daga rijiya, suka kafa masa turke mai jan ƙyalle. Da la'asar mai shela ya zagaya gari yana cewa gobe daga hantsi zuwa azahar kada a kora dabbobi, kada amalanke ta motsa, kuma kada mace ta yi daka.

Kalmar ƙarshen nan ce ta tsaya mini a kunne. Na tare maigidana a zaure na tambaye shi me daka ya tsare musu. Ya ce kunnuwan nan ba abin da ba sa ji, ko akuya ta wuce sai allura ta motsa, balle taɓarya da ke sauka kan turmi, turmi kuma yana zaune kan ƙasa. Na ce to in allura tana rawa, suna tashin nakiyar? Ya ce a'a. Rami sau ɗaya ake tashinsa, in hoton ya ɓaci ya ɓaci. Mai nakiya ba ya ma zura ta sai an yi masa magana daga mota an ce layi ya yi tsit. Ya dube ni, ya ga fuskata, ya ce, "Ke. Mi ki ka nuhi?" Na ce ba komai, tuwo zan ɗora.

Ban ɗora tuwo ba. Gida gida na bi kafin magariba. Ba sai na yi dogon bayani ba, kowace mace a garin ta san ɗanɗanon zartsi, ta san tafiyar da ke tsakaninmu da ruwan daɗi na gaba, rabin yini a kan jaki. Shawarar mai sauƙi ce. Ba za mu tare musu hanya ba, ba za mu taɓa wayarsu ba, ba za mu zagi kowa ba. Za mu fito da turame ƙarƙashin gawon da muka saba daka, can gefen rijiya, mu ɗan tona ƙasa mu zaunar da su daram, mu yi lugude. Mata uku a turmi ɗaya, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, yadda ake yi ranar biki. Sharaɗi ɗaya ne, kada ƙarar ta yanke ko da na shan ruwa ne, don da ta yanke za su tashi abin.

Gwaggo ce ta kawo cikas, kuma da gaskiyarta. Ta ce ba a dakan turmi wofi, yunwa ake kira, mu kuwa mun ga fuskar yunwa shekaranjiya-shekaranjiya. Na so in ce camfi ne, amma na dubi matan na ga ba wadda za ta ɗaga taɓarya a kan turmin da ba komai. Dole a zuba hatsi, ga shi bazara ce, rumbuna sun kusa gindi, damina da sauran wata biyu. Gero a zangarniyarsa yana jimrewa. In an sussuke shi ƙwari sun sami ƙofa, in an surfe shi kwanakinsa sun ragu, in ya zama gari sai ci kawai. Sai Gwaggo ta ce, "To a hwara da sussuka. Mu ga wa ka gajiya."

Ranar farko turmi goma sha ɗaya muka jera. Da hantsi ya yi motarsu ta tsaya can nesa, wani mai jar tuta ya busa usur. Na ɗaga taɓarya na sauke. Ban taɓa jin lugude irin na ranar ba. Ƙasa tana amsawa a tafin ƙafa. Ƴan mata suna jefa taɓarya sama su tafa su cafe. Aka tayar da waƙar daka, aka sa sunan nakiya a ciki, wadda aka yi alkawari ba a kawo ba. Mai jar tuta ya zo da gudu yana kaɗa hannu, muka gaishe shi da kyau, muka tambaye shi gajiya, hannu bai tsaya ba. Tafinta ya zo ya ce mu dakata minti goma kawai. Gwaggo ta ce masa, "Ɗana, ni ban san minti ba, na san mazanmu na jiran hura." Da azahar muka yi salla kashi-kashi. Suka jira har rana ta karkata suka naɗe wayarsu suka tafi.

Rana ta biyu suka yi mana sammako, suka tarar mun riga su. Sussuka ta ƙare, muka shiga surfe. Wajen hantsi sai ga jandarma biyu a mota. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Babban cikinsu ya tako ya tsaya a kaina, ya tambayi wace ce shugaba. Na ce ba shugaba, surfe muke yi. Ya ce an hana. Na ce, "Ranka shi daɗe, in akwai dokar da tah hana mace daka ma iyalinta abinci, karanta muna ita, ina jin Faransanci." Ya dubi turame, ya dubi rijiya, ya dubi jan ƙyallen da ke taki ashirin. Ya daɗe yana duban ƙyallen. Sai ya ce a ba shi ruwa. Na ja masa da hannuna. Ya sha, ya goge baki, ya ce shi an aiko shi wajen masu tayar da fitina ne, bai ga kowa ba sai mata masu daka. Suka shiga motarsu suka tafi.

Da wannan bai yi ba sai suka aiko mini maigidana. An gaya masa ko dai ya tsawata wa matarsa ko ya ajiye aiki. Ya taho, leburori suna bayansa, injiniya yana kallo daga nesa. Ya tsaya gabana ya buɗe murya yadda duk gari zai ji, "Ke! Ba ni ce ki bari ba? Aje taɓaryag ga!" Tunda muka yi aure bai taɓa ɗaga mini murya gaban mutane ba. Sai ya matso kamar zai fizge taɓaryar, ya sunkuyo, ya ce a hankali, "Turmin gabas ya hi shiga wayar. Ku ƙara mashi mata." Ya juya ya ɗaga hannuwa sama, wai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. A yammacin ranar aka sallame shi. Ya dawo gida da tabarmarsa a kafaɗa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa goranta mini ba.

Rana ta uku ita ce mai wuya. Ba sauran waƙa. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na naɗe shi da tsumma, tsumman ya manne. Wata mai ciki ta yanke jiki ta faɗi aka kai ta inuwa. Turame goma sha ɗaya suka koma bakwai. Surfe ya ƙare, muka shiga gari, muna kallon abincin wata biyu yana zama abincin mako guda. Wasu mazan suka fara zuwa suna janye matansu, kuma ban zarge su ba, kowa ya san bakin da yake ciyarwa. Wajen azahar hatsin da ke gabanmu ya tasam ma ƙarewa. Na duba kwanduna na ga abin da ya rage ba zai kai mu la'asar ba, kuma na san ba mai yarda ta daki wofi.

Sai ga Gwaggo tana tafe da ƙyar, da wata tukunya a ka, bakinta a liƙe da yumɓu. Duk mun san tukunyar. Irin shukarta ne, geron da ta ɓoye ko a shekarar yunwa ba ta taɓa ba. Na ce, "Gwaggo, a'a." Ta ce, "Kauce mani. Iri a ka ara, rijiya ba a aron ta." Ta fasa bakin tukunyar ta juye a turmina. Na daka shi ina kuka, kuma ban sassauta hannu ba.

Muna cikinsa na ga injiniya ya taho a ƙafa, shi kaɗai, ba tafinta, da wata doguwar takarda a hannu tana jan ƙasa. Ya tsaya ya ce in zo in gani. Na miƙa wa wata taɓaryata tukuna, sai da na ji ta sauka sannan na matsa. Takardar cike take da zane-zane a jere, suna tashi suna faɗuwa. Ya nuna mini da yatsa. Ya ce nan mata uku ne a turmi ɗaya, ga sawun kowace. Wannan ta fi sauran nauyin hannu. Ga ɗan gibi nan, bai san ko mene ne ba. Na ce nan ne ake jefa taɓarya sama a tafa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka warware wa wani lissafi. Ya ce kwana uku ke nan injin da aka ɗauko daga ƙetaren teku ba abin da yake zanawa sai hannuwanmu.

Sannan ya ce ya yi magana da buro ta oba-oba. Za a iya tsallake rami ɗaya a huda wani a gefe, a gyara lissafin daga baya. Aiki ne, amma ana yi. Na ce ashe layin yana karkacewa. Sai ya tambaye ni taki nawa nake so. Na ce ni ban yarda da taki ba, takin wani ya fi na wani. Na kwance igiyar rijiyar na ce a auna da ita sau goma, can cikin faƙo inda ba gida ba rumbu. Ya ce sau shida ya isa. Na waiwaya na ce wa mata su ƙara hannu. Ya ce sau goma.

Ba mu tsaya ba sai da muka ga an cire jan ƙyallen, an cike tsohon ramin da ƙasa, an tattake. Ni da shi muka ja igiyar, yana riƙe da baki ɗaya ina riƙe da ɗaya, muna ƙirgawa shi da Faransanci ni da Hausa. Sannan na ɗaga hannu, taɓare suka tsaya. Kunnuwana suka ci gaba da jin lugude alhali ba mai daka.

Washegari da hantsi suka tashi abin. Wannan karon mu da kanmu muka ɗaure awaki, muka hana kowa motsi, don alkawari kaya ne. Na je na durƙusa bakin rijiya na dafa itacen ƙirya da hannuwana masu ciwo. Gwaggo tana zaune gefena. Usur ya yi ƙara. Sai ƙasa ta yi wani tsalle a ƙarƙashin gwiwoyina, ƙarar ta biyo baya, can cikin faƙo ƙura ta tashi sama. Na kasa kunne cikin rijiyar. Na ji ƙasa tana zuba siririya daga bango. Wani ɗan dutse ya saki, ya daɗe yana tafiya, ya faɗa ruwa. Na jira na biyu. Na jira har na ji numfashina yana neman ƙarewa. Ba abin da ya sake faɗawa.

Man fetur dai ba mu taɓa jin an samu ba, ba kuma wanda ya dawo ya gaya mana abin da hoton ya nuna. Garin da muka tara muka ci tuwo da fura kamar ana biki mako guda, sannan muka ɗaure ciki har sabon gero ya fito, kuma an sha wuya, ba zan yi wa wannan ado ba. Irin Gwaggo kowane gida ya kawo tafi guda aka haɗa mata. Takardar nan mai sawun taɓare injiniya ya bar mini ita, tana cikin adakata har yanzu, zanen ya dushe.

Amma duk wannan daga baya ne. A wannan hantsin, da ƙura ta lafa, na zura wasaki a hankali yadda mahaifina ya koya mini, kada ya daki bango. Na ji ya nutse, na ji ya yi nauyi. Mutanen gari sun kewaye ni, injiniya ma ya zo ya tsaya a baya. Na jawo gaba goma sha takwas da hannuwan da suka fashe, na zuba a ƙwarya. Ruwan ya ɗan yi gurɓi. Ban iya sha ba, tsoro nake ji kada wata jijiyar zartsi ta buɗe a ƙasa. Na miƙa wa Gwaggo.

Ta jira ya kwanta. Ta kurɓa, ta juya shi a baki tsakanin haƙoranta uku, ta haɗiye. Ta sake kurɓa. Sannan ta miƙo mini ƙwaryar.

Ta ce, "Sha, ɗiyata. Ruwan babanki na."